Kujerar Hedimasta Ba Ladan Daɗewa Ba Ce

Hanyar da malami ke bi ya zama shugaban makaranta a wurinmu sananniya ce ga kowa. Zai daɗe yana koyarwa, ya kai wani mataki na albashi, sai wata rana takarda ta iso daga ofishin sakataren ilimi ko daga ma'aikata cewa an ba shi makaranta kaza. Ranar Juma'a yana koyar da lissafi a aji biyar, ranar Litinin ya wayi gari da malamai 20 a ƙarƙashinsa, da yara 800, da ajujuwa biyu da iskar farkon damina ta yaye wa kwano, da asusun banki da ba a taɓa shi sai da sa hannunsa. Tsakanin Juma'ar nan da Litinin babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa yadda ake tsara kasafi, ko yadda ake karɓar aiki daga hannun birkila, ko yadda ake sasanta malamai biyu da suka shekara ba sa ga-maciji da juna. An ɗauka cewa wanda ya iya riƙe aji zai iya riƙe makaranta. Ra'ayina, 'yan'uwa malamai, shi ne wannan zato kuskure ne, kuma mu ne muke kwana a ciki, mu da yaran da aka ba mu amana.

Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Kanada mai suna Laurence Peter ya fitar da littafi a 1969 a kan wannan ciwo. Abin da ya lura da shi shi ne, a ma'aikatar da ake ƙara wa mutum girma saboda ya iya aikin da yake kai, kowa zai yi ta hawa har ya isa kujerar da bai iya ba, a nan kuma zai zauna har ritaya. Cikin raha ya yi rubutun, amma duk wanda ya shekara goma a cikin wannan aiki ya san ba wasa a ciki. Hasarar ma biyu ce a lokaci ɗaya. Aji ya rasa gwanin malaminsa, ofis kuma ya sami shugaba mai lalube cikin duhu. Laifin ba na mutumin ba ne, domin an damƙa masa wata sana'a dabam ba tare da an koya masa ita ba.

Sana'ar kuwa tana da malamanta da littattafanta, kuma a jami'a ake karanta ta. Kashi ɗaya shi ne ilimin tafiyar da aiki mai farko da ƙarshe, irin gini ko sayen kaya ko shirya jarrabawa. Ɗaya kashin shi ne ilimin shugabanci da halayyar mutane a wurin aiki. Jami'o'in fasaha na tarayya da ke Minna da Owerri suna da sashe guda a kan tafiyar da ayyuka. A nan gida, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da ilimin mulki da na gudanar da kasuwanci, tsangayarta ta ilimi kuma tana ba da digiri na biyu a kan gudanarwa da tsara ilimi. Ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga tsohuwar kwalejinmu ta Shehu Shagari da aka ɗaga darajarta zuwa jami'ar ilimi. Ruwan yana nan a kusa da mu. Abin tambaya shi ne ko yana isa gonar da ke da ƙishirwa.

Bari in sauko da maganar ƙasa, domin kada a ɗauka wani ilimi ne na manyan kamfanoni da bai shafe mu ba. A ce an turo wa makaranta kuɗin gyaran ajujuwa biyu a watan Afrilu. Hedimastan da bai sami horo ba zai kira ɗan kwangila ko birkilan unguwa, a yi ciniki da baki, a ba shi rabin kuɗi ko fiye, a ce Allah ya ba da sa'a. Wanda ya karanci tafiyar da aiki zai fara da rubuta iyakar aikin filla-filla: bulo nawa, buhun siminti nawa, bandir ɗin kwano nawa, katako wane iri, taga da ƙofa suna ciki ko ba sa ciki. Daga nan zai jera ayyukan bisa wanda ke jiran wani. Ba a ɗora kwano sai bango ya kai linta ya bushe, ba a yin silin sai an rufe sama, amma kafinta na iya haɗa benci tun ranar farko, domin shi ba ya jiran kowa. Jerin ayyukan da ke jiran juna shi ne igiyar da ke riƙe da ranar gamawa; kwana ɗaya da aka ɓata a kanta, kwana ɗaya ne aka ƙara wa dukan aikin. Injiniyoyin Amurka ne suka tsara wannan dabara a ƙarshen shekarun 1950, kuma tun kafin su Henry Gantt ya fito da jadawalin da ake zana kowane aiki da tsawon kwanakinsa a takarda ɗaya. Amfaninta gare mu a fili yake. Wanda ya yi wannan lissafi zai gane tun a Afrilu cewa idan rufi bai hau kafin tsakiyar Yuni ba, damina za ta riski bango tsirara, farashin siminti ya motsa, birkila ya koma gona, yara kuma su ƙare zango a gindin dogonyaro. Zai kuma san cewa kuɗi ba a biyan su sai mataki-mataki bayan an duba abin da aka yi, kuma ana riƙe wani ɗan kaso har sai ruwan farko ya gwada rufin. Wannan duka bai fi karatun makonni kaɗan ba, amma rashinsa ya bar kangon aji a garuruwa da yawa.

A da, ana iya cewa wannan aikin hukuma ne, hedimasta nasa ido. Yau zancen ya sauya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, kuma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Bayan haka aka kafa kwamitocin gudanar da makarantu na al'umma, waɗanda muka fi sani da SBMC. Sannan shirye-shiryen masu ba da tallafi suka biyo baya, kuma Sakkwato tana cikin kusan dukansu: shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF kashi na uku da aka fara a 2012, da shirin NIPEP na 2015 wanda ya haɗa mu da Kano da Katsina da Kaduna da Jigawa, da shirin Mu Karanta na koyar da karatu da Hausa da aka yi a nan da Bauci. Abin da NIPEP ya zo da shi, wanda ya kamata mu tsaya a kai, shi ne tura kuɗin gyara kai tsaye zuwa asusun makaranta, bisa sharaɗin a rubuta tsarin inganta ta, a kashe, a kawo rasit. Wato an mai da hedimasta manajan aiki da akanta da magatakardan kwamiti a dare ɗaya. Idan mai binciken kuɗi ya zo, sunan da ke kan takarda shi ake kira. Na san abokan aiki masu gaskiya da riƙon amana da suka sha zargi, ba don sun ci ko kwabo ba, sai don ba su san cewa sayen da ba rasit, a idon doka, ɗaya yake da sayen da ba a yi ba. Taron bita na kwana uku a ɗakin otal, da jaka da biro da kuɗin mota, ba ya maganin wannan.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ne. Kwamitin da fadar shugaban ƙasa ta kafa ƙarƙashin Ibrahim Bunu ya ba da rahoto a 2011 cewa akwai ayyukan gwamnatin tarayya 11,886 da ba a kammala ba a faɗin ƙasar nan. Idan manya masu injiniyoyi da lauyoyi sun bar wannan tarin kango, ba abin mamaki ba ne malamin firamare ya yi tuntuɓe.

Amma gini shi ne mai sauƙi. Bulo ba ya fushi, kwano ba ya gulma. Abin da ya fi cinye ran shugaban makaranta shi ne mutane, kuma a nan ne kashi na biyu na wannan ilimi yake da abin faɗa. Tsakanin 1924 da 1932 an yi wani dogon bincike a masana'antar Hawthorne kusa da Shikago, aka tashi da fahimtar cewa ma'aikata suna da dokokinsu na ɓoye da suka fi na ofis ƙarfi: su ne ke yanke wa junansu yawan aikin da ya dace, su kuma hukunta wanda ya wuce gona da iri. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin malamai ya san haka. Sabon malami zai zo da zafinsa, yana shiga aji da ƙararrawa, yana duba littattafan yara kullum, sai a fara yi masa kirari da "ɗan gwamnati", kafin zango biyu ya yi sanyi ya bi sahu. Hedimastan da bai san da wannan doka ta ɓoye ba zai yi ta rubuta takardar tuhuma yana mamakin abin da ya hana ta aiki. Douglas McGregor kuma ya nuna a 1960 cewa shugaban da ya ɗauki ma'aikatansa a matsayin ragwaye da sai an tsaya a kansu da bulala, a ƙarshe irin waɗannan ma'aikatan zai samu, domin mutum yakan zama abin da aka ɗauke shi.

Akwai wani masani da nake so mu karanta da kanmu kafin a karanta mana shi a karkace. Frederick Herzberg ya yi hira da injiniyoyi da akantoci kimanin 200 a Amurka, ya fitar da sakamako a 1959. Ya ce abubuwan da ke sa ma'aikaci ƙorafi dabam suke da waɗanda ke sa shi himma. Albashi da yanayin wurin aiki da adalcin shugaba suna cikin na farko, yabawa da ba da amana da ganin amfanin aikinka suna cikin na biyu. Sau da yawa za ka ji wani jami'i a wurin taro ya ɗauko rabin wannan magana ya ce, ai masana sun tabbatar kuɗi ba ya sa himma, ladan malami yana sama. Ba haka mutumin ya ce ba. Cewa ya yi idan na farkon suka lalace, ƙorafi ne zai mamaye wurin. Malamin da ƙarin girmansa ya tsaya a takarda shekara da shekaru, kuɗin hutunsa ya zama labari, ba za a tashe shi da lambar yabo ta kwali ba. Ko don mu iya mayar da irin wannan amsa a teburin tattaunawa, ya kamata shugabannin ƙungiya su san wannan ilimi.

To, tunda ilimin yana nan kuma jami'o'in suna nan, me ya hana? Gaskiya ita ce da yawa daga cikinmu sun je. Duk ƙarshen mako za ka ga malamai a kan babur sun nufi Dundaye ko harabar cikin gari, sun ciyo bashi sun biya kuɗin makaranta, suna neman difloma ko digiri na biyu a fannin gudanarwa. Ban raina wannan ƙoƙari ba, domin na san abin da yake ci a aljihun mai iyali. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: mafi yawanmu takardar muke nema domin mataki ya motsa, kuma yadda ake karatun a jami'o'in ƙasar nan, daga nan har bakin teku, bai cika hana mu hakan ba. Ana haddace sunayen Taylor da Fayol da Weber, a zuba su a takardar jarrabawa, a manta. Kundin kammalawa kuma kusan kamanninsa ɗaya ne a ko'ina: tasirin salon shugabanci a kan himmar malamai a ƙaramar hukuma kaza, a raba takardun tambayoyi, a cike wasu a gindin bishiya, a fitar da jadawali, a yi masa bango mai kauri, ya hau kanta ya sha ƙura. Mai shi ya koma makarantarsa ranar Litinin, rijistar halarta tana yadda take, taron malamai yana yadda yake. Idan haka za a ci gaba, wajabta wa hedimastoci digiri ba zai ƙara komai ba sai yawan masu bashi.

Abin da nake ganin ya dace mu nema daga jami'o'inmu shi ne kwas na musamman domin masu shirin riƙe makaranta, wanda jarrabawarsa ita ce makarantar kanta. Ɗalibi ya zaɓi matsala guda ta gaske a inda yake aiki, ko rijiyar burtsatse da ta lalace, ko 'yan mata da ke ɓacewa daga aji huɗu zuwa shida, ko makarar malamai ranar kasuwa. Ya rubuta iyakar aikin da jadawalinsa da kasafinsa da abin da ka iya ɓata shi, ya zauna da kwamitin makaranta da mai unguwa da liman da iyaye mata, ya aiwatar cikin zango biyu, sannan malaminsa na jami'a ya tako ƙafa ya zo ya gani da idonsa. Idan aikin bai yi nasara ba amma ɗalibin ya iya bayyana dalili da hujja, ya ci. Wanda ya kawo kundi mai kyau babu abin nunawa a ƙasa, ya sake. Likita ba ya samun lasisi sai ya kwana a asibiti, mu ma ba a ba mu NCE sai da muka yi koyarwar gwaji. Ban ga dalilin da zai sa shugabanci kaɗai ya zama abin da ake koya a allo ba.

Ina kuma da ƙorafi a kan manhaja. Abin kunya ne a karanta shugabanci a birnin Shehu, a shekara ana ambaton masanan Turai da Amurka, ba a buɗe abin da aka rubuta a wannan ƙasa ba. Shehu Usmanu a cikin Kitabul Farƙ ya jera ginshiƙan mulki, ya sa a cikinsu ƙin ba da shugabanci ga mai kwaɗayinsa, da shawara, da barin tsanani, da adalci. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano domin jama'ar da suka tambaye shi yadda za su tafiyar da al'amuransu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina Usulus Siyasa, inda ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi da gadoji. Marigayi Dokta Mahmud Tukur ya yi digirinsa na uku a kan wannan tsarin mulki, ya kuma fitar da littafi a kai a 1999, saboda haka ba za a ce babu abin koyarwa ba. Wanda kuma yake son misalin tsara ƙungiya, ya dubi 'Yan Taru na Nana Asma'u. Ba ta da ma'aikatar ilimi, ba ta da mota, amma ta zaɓi mata dattijai masu mutunci ta naɗa su jajoji, ta ba kowace malafa a matsayin shaidar muƙami, ta sa darasi cikin waƙa domin ya yi sauƙin ɗauka, su kuma suka riƙa jagorantar mata daga ƙauyuka suna zuwa suna komawa da ilimi. Ta rasu a 1864, tsarin kuwa ya rayu bayanta. Zaɓen wakili, da ba shi iko na gaske, da kayan aikin da ya dace da masu karɓa: ɗalibin gudanarwa zai sami abin rubutu a nan fiye da abin da zai samu a labarin kamfanin motoci da bai taɓa gani ba. Ba cewa nake a jefar da Herzberg ba. A ajiye su a tebur ɗaya, ɗalibi ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Na san abin da wasu dattawanmu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce mutum ya shekara 25 yana shan alli, yanzu kujerar da ya sa rai a kanta za a ba yaron da ya koyar saboda ya riƙo wata takarda. Za su ce sharaɗin kwas zai zama sabuwar ƙofar da 'yan siyasa za su tsaya a bakinta, su tura nasu, su bar na ƙauye. Malaman Gudu da Kebbe da Isa da Sabon Birni, waɗanda wasunsu ko hanyar zuwa birni ba ta da tabbas saboda halin tsaro, za su tambaya ta yaya za su yi gogayya da wanda gidansa ke Mabera ko Arkilla. Malamai mata masu goyo da girki za su yi irin wannan tambaya. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma shi ya sa nake so ƙungiya ta shiga maganar tun ana dama ta, kada ta tsaya sai an kawo mata a kwano. Ingila ta ƙirƙiro takardar shaidar shugabancin makaranta a 1997, ta wajabta ta daga baya, sannan ta janye wajabcin a 2012, abin da ke nuna cewa doka kaɗai ba ta gama magana. Singafo kuwa tun 2001 take ɗauke waɗanda ta zaɓa daga aiki na tsawon watanni, tana biyan su albashinsu cikakke, gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatun. Wannan ɓangare na biyan kuɗi shi ne abin koyi. Horon da hukuma ke buƙata domin aikinta, hukuma ce za ta biya, kamar yadda take sayen alli.

Su ma magabatanmu ba su ɗauki mulki a matsayin abin da shekaru ke koyarwa ba. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya riƙe gundumar Rabah, amma duk da haka a 1948 ya tafi Ingila ya karanci sha'anin mulkin ƙananan hukumomi. Makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya an gina ta ne domin horar da ma'aikatan En'e da na gwamnatin Arewa, manya da ƙanana. Tarayya ma tana da cibiyar horar da masu tsara ilimi da gudanar da shi a Ondo tun 1992, sai dai Ondo ta yi wa hedimastan Tangaza nisa.

Saboda haka ga abin da nake roƙon reshenmu ya ɗauka zuwa majalisar zartarwa ta jiha. A nemi zama da SUBEB da hukumar kula da malaman sakandare da ma'aikatar ilimi, tare da ƙungiyar hedimastoci da ta firinsifal-firinsifal, a gayyato tsangayoyin ilimi da na gudanarwa na jami'o'in nan uku. A amince cewa daga wata shekara da za a ƙayyade, ba a naɗa sabon shugaban makaranta sai ya yi wannan horo, waɗanda ke kan kujera yanzu kuma a bi su da shi ba tare da barazanar sauke kowa ba. Gurbin shiga ya bi shekarun aiki da kason kowace ƙaramar hukuma daga cikin 23, a manna sunaye a allon sanarwa kowa ya gani, wakilin ƙungiya yana zaune lokacin tantancewa. A yi darussan a lokacin dogon hutu, a cibiyoyi na shiyya, domin na nesa da mata su samu. Sannan a rubuta a cikin yarjejeniyar, da baƙin tawada, cewa hedimastan da ya kawo tsarin aiki da kasafi a kan lokaci amma ba a sako masa kuɗi ba, ba shi za a tuhuma ba idan damina ta riski ginin, sai ofishin da takardar ta kwana a cikinsa.